TSINTUWAR KAKA: ƊAN ƘULLIN DA NA DAWO DA SHI DAGA TAMBUWAL

   

A wannan fitowa ba girki na kawo muku ba, ba kuma sirrin gyaran jiki ba. Wani ɗan ƙulli ne nake son in kwance a gabanku, wanda tun kakar 2023 yake ajiye a ƙasan akwatina. In an kwance shi ba za a ga zinari ko azurfa ba, illa busasshen furen ƙuduji, da ƙarangiya guda 3, da baƙin gashin tsuntsu guda, da ɗan reshen gawo, sai 'yan ƙwayoyin gero da ba su cika tafin jariri ba. Wanda bai sani ba cewa zai yi shara ce na adana, amma ni na san da ba don Allah ya sa na tsinci waɗannan abubuwa ba, da watakila yanzu sunana bazawara.

YADDA NA BAR ƊAKINA

Ni haifaffiyar wani ƙauye ce a ƙasar Tambuwal, ta ɓangaren da ya yi iyaka da Kebbe, aure ne ya kai ni birnin Sakkwato. A lokacin shekararmu 9 da maigidana, Allah ya ba mu 'ya'ya 3, kuma tsakanina da Allah bai taɓa ɗaga hannu ya mare ni ba, bai kuma taɓa bari mun kwana da yunwa ba. Ƙaramin ma'aikaci ne, albashi gwargwado, muna dai lallaɓawa cikin rufin asiri.

To ba sai na tuna muku abin da ya biyo bayan janye tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023 ba, domin kuwa babu gidan da abin bai taɓa ba. A namu gidan nama ne ya fara yin ƙaura, madarar yara ta bi shi, sannan aka wayi gari maigida ya sayar da babur ɗinsa. Na ce, "Malam, ina kuɗin babur?" Ya ce, "Ki dai yi haƙuri, akwai abin da nake yi." Na sake tambaya bayan kwana biyu, ya ce in bar maganar. Daga nan kuma sai ya tsiri tafiya kusan kowace Asabar, ya ce zai je gaida dangi, ya dawo Lahadi da dare a gajiye, ko hira ba ya iya yi sai barci.

Ina da wata maƙwabciya da na ɗauka aminiya, mace mai tsafta da iya ado, ga daɗin baki. Ita nake kwashe cikina in faɗa wa. Ran nan ta dube ni ta yi 'yar dariya ta ce, "Ke dai Allah ya ba ki sanyin zuciya. Namiji ya sayar da abin hawa, ya ƙuntata wa gida, yana zarya ƙauye ga kaka ta gabato, kuma ki ce ba ki gane ba? Ai lefe yake haɗawa." Wallahi 'yan'uwa, tun daga ranar ban ƙara barci mai daɗi ba. In ya yi murmushi in ce da ita yake tunani, in ya yi shiru in ce lissafin sadaki yake. Ba kishiyar ce ta fi ƙona mini rai ba, a'a, a ce da madarar 'ya'yana za a yi mata akwati.

Wata Alhamis a ƙarshen watan Oktoba, yana fita aiki na goya auta, na bar manyan biyu wajen ƙanwarsa da ke zaune da mu, na nufi tasha. Muka bi ta Boɗinga da Shagari, tafiyar kusan kilomita 100, ina kallon gonaki ta taga amma ba na ganin komai sai baƙin cikina. Da la'asar na sauka Tambuwal, garin da Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya zauna, na hau babur zuwa ƙauyenmu.

Gidan kakata na sauka, wadda ta rene ni tun ina 'yar shekara 4, muna ce mata Inna. Ta haura 80 amma har yau ita ke zuwa gonarta da ƙafarta. Tana ganina da ƙullin kaya ta ce, "Marhabin da kishiya! Ƙaƙa kinka baro mani angona?" Na fashe da kuka na zayyana mata komai. Ba ta ce na yi daidai ba, ba ta ce na yi kuskure ba, ta dai dama mini fura ta ce, "Sha ki kwanta, magana ba ta ƙarewa ran da anka hwara ta."

DA SAFE AKE KAMA FARA

Ranar Asabar ana idar da sallar asuba ta tashe ni, ta ɗauki sandarta da ɗan buhu ta ce in raka ta daji. Gonakin bayan gari muka nufa, domin a 'yan shekarun nan tsoron ɓarayin daji ya sa mutane da dama sun rage zuwa gonakin nesa, Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Raɓa na kwance bisa ciyawa, iska ta fara sauyawa, ga ƙamshin nan na harawa da busasshen kara wanda duk ɗan ƙauye ya san shi ko da ya shekara 20 a birni.

Abin da muka fara cin karo da shi fara ce, ta manne jikin karan dawa ko motsi ba ta yi, sai dai ka sa hannu ka cire ta kamar kana tsinkar wake. Dalili kuwa shi ne jikin fara ba ya yin ɗumi da kansa, da zafin rana take samun ƙarfin tashi, shi ya sa sanyin asuba ke ɗaure ta. Da hantsi ya yi kuwa, ko yaro mai gudu sai ya sha wuya kafin ya kama guda. Inna ta ce mu tsallake wata gona don an yi mata feshi, farar da ta ci magani guba ce, kuma wannan jan kunne ne ga masu sayen soyayyar fara su san daga inda ta fito.

Muna cikin kamu ta ce, "Wata nawa kina ƙumshe da zancen ga cikinki?" Na ce wata 4. Ta ce, "To ai ta yi hiffike. Magana awa hwara take, da sanyin sahiya aka kama ta. Da kin zamna da shi tun daren hwarko kin ce mashi Malam raina ba daɗi, da ba ki kai ga shiga mota ba." Na ce ai na tambaye shi har sau biyu. Ta ce, "Tambayar kuɗɗi kinka yi, ko tambayar mijinki?" Na yi shiru.

ƘARANGIYA

Ba mu yi nisa ba zanena ya cika da ƙarangiya har gwiwa, na shiga tsaki ina tsine mata. Inna ta zauna bisa kunya, ta jiƙa yatsunta da miyau kamar yadda ta koya mini ina yarinya, ta shiga cire mini ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta murje guda tsakanin duwatsu biyu, ta hure, ta nuna mini wata 'yar ƙwaya ƙarama da ke ɓoye cikin ƙayar.

Ta ce kakarta ta ba ta labarin yunwar Kakalaba, wadda aka yi a 1914 bayan damina ta ƙi, lokacin da rumbuna suka bushe mutane suka bazu daji neman abin sawa a baki. Ita kanta kuma ta ga farin 1973 tana da goyo, ta ga na 1984. A irin waɗannan shekaru, daga nan har ƙasar Nijar, ƙarangiyar nan da ake zagi ita mata ke tarawa su sussuke, su sheƙe, su niƙa, a yi kunu ko tuwo a ba yara. Ciyawa ce mai jure ƙishirwa, takan yi 'ya'ya a shekarar da gero ya kasa.

"Wagga da kika zagi," in ji Inna, "ita tar riƙe kakanninki har anka haihe ki. Ba duk abin da ka sukar mutum na maƙiyinai ba." Na ɗauki guda 3 na ƙulle a gefen mayafi, ban ma san dalilin da ya sa na yi haka ba.

FURE MAI KYAU, CIKI DA MUGUNTA

Can gaba muka ratsa wata gonar dawa da ta ba ni tausayi, kara sirara, ganye ya yi ja kamar an babbaka, zangarniya ba ta fi tafin hannu ba. Amma a ƙarƙashinta, kai jama'a! Wasu furanni ne jaja-jaja masu ɗaukar ido sun rufe ƙasa, sai ka ce an shimfiɗa sabuwar atamfa. Shekarun birni sun sa na manta, na tsinko ɗaya ina cewa zan maƙala wa auta a kai. Inna ta buge mini hannu ta ce, "Ƙuduji na! Shi yac cinye gonag ga."

Ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta, yana cikin manyan abokan gabar gero da dawa da masara a ƙasashenmu. Irinsa ƙanana ne kamar ƙura, tsiro ɗaya kan zubar da dubun dubbai, kuma yana iya kwanciya cikin ƙasa fiye da shekara 10 yana jira. Ba ya tsira sai ya ji alamar saiwar hatsi kusa da shi, sa'annan ya miƙa tasa saiwar ya soke ta, ya rinƙa zuƙe ruwa da abincin da shuka ta wahala ta samo. Abin tsoron shi ne mafi yawan ɓarnarsa a ƙarƙashin ƙasa yake yin ta, kafin manomi ya ga ko ganyensa. Ran da ya fito ya yi fure, ya riga ya gama aiki. Maganinsa a tuge shi kafin ya zuba iri a ƙone, a rinƙa sauya shuka da gyaɗa ko waken suya, sannan uwa uba a ba gona taki, domin ya fi ƙarfi a ƙasar da ta gaji.

Inna ta tuge wani ta nuna mini yadda saiwarsa ta manne da ta dawa, ta ce, "Wa yab ba ki labarin lehen ga? Kin gane shi da idonki?" Na ce wata aminiyata ce. Ta ce, "Tana da kyau?" Na ce ƙwarai. Ta ce, "Ta taɓa kawo maki ko mudu guda tun da abinci yay yi tsada?" Na ce a'a, ni ce ma ke zuba mata in na girka. Inna ta yi dariya har da tari, ta jefar da ƙudujin ta ce, "Ni ban ga laihinta ba ƙwarai. Ƙuduji ba ya cin gona mai taki. Gidan da miji da mata sunka bar hira, nan shika tsira."

Wannan magana ta dake ni, domin kuwa gaskiya ce. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Na tuna rabon da mu zauna ni da maigida bayan isha'i muna hira har na manta, alhali kullum sai na yi awa biyu a ɗakin maƙwabciya.

TURURUWA DA SHAMUWA

A bakin wata hanya muka tarar da jerin tururuwa, kowace da ƙwayar gero a baki, sun yi layi tun daga masussuka har raminsu, bakin ramin kuwa ƙaiƙayi ya kewaye shi kamar faifai. Inna ta ce a shekarun yunwa har ramin tururuwa mutane kan tona su kwashi hatsin da ta tara. Na tsaya ina kallon wata da ta ɗauko ƙwayar da ta fi ta girma, ta faɗi, ta sake ɗauka, ta faɗi, ta sake ɗauka.

A nan Inna ta karkata kan maza. Ta ce kaka lokacin biki ne a ƙasar Hausa tun kaka da kakanni, kuma ba laifi ba ne, amma ta sha ganin magidanci ya kwashe hatsinsa kaf ya kai kasuwar Tambuwal a lokacin da ya fi araha, ya yi sabon aure, ya sayi rediyo da sabuwar riga, kafin bazara ya dawo yana awo da mudu a ninkin kuɗin da ya sayar, uwargida da amarya duka suna hamma. Ta ce, "Wanga shi na wawa. Amma akwai namijin da ad da halin tururuwa, shina jan kaya shina hwaɗuwa, ba ya shela." Na tsinci 'yan ƙwayoyin da suka zube a hanyar na ƙara cikin ƙullina, har yanzu ban gane inda ta dosa ba.

Gaba kaɗan, ƙarƙashin wata tsamiya, na ga baƙin gashin tsuntsu a ƙasa, na ɗaga kai na ga sheƙa ta kirare babu kowa ciki. Sheƙar shamuwa ce. Kowa ya san in an ga shamuwa ta sauka gari to ruwa ya kusa, manomi ya gyara kayan shuka. A nan take yin ƙwai ta ƙyanƙyashe, ta ci fara da tsutsa duk damina, amma ruwa na ɗaukewa sai ta tattara 'ya'yanta ta yi kudu, ta tsallaka har gabashi da kudancin Afirka, ƙasashe irin su Tanzaniya da Zambiya da Zimbabuwe, inda a lokacin ne tasu daminar ke sauka.

Inna ta karɓi gashin ta jujjuya ta ce, "Shamuwa ba ta da laihi, haka Allah yay yi ta, inda ad da ruwa nan taka zuwa. Amma macce ba shamuwa ta ba. Shekara 9 kina cin nama gidanai, wata 4 babu, kin ɗauko ƙunshi." Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce, "Haba Inna, ai ba don nama na taho ba." Ta ce, "Na sani. Amma shi mi zai ɗauka?"

A GINDIN GAWO

Rana ta fara zafi, na ce mu koma, ta ce saura gona ɗaya. Muka ƙetare wani ɗan kwari muka shiga gonakin ƙauyen da ke maƙwabtaka da namu, wato ƙauyen su maigidana. Tun daga nesa na hango wani babban gawo, duk itatuwan da ke kewaye sun fara yin fari-fari suna shirin kaɗe ganye, shi kuwa yana ta fitar da sabo, kore shar.

Gawo itace ne mai abin mamaki, kome nasa a juye yake. Da damina, lokacin da kowane itace ke ado, shi sai ya zubar da ganye ya tsaya tsirara kamar ya mutu, har wanda bai sani ba ya ce a sare shi a yi wuta. Ashe wannan zubar da ganyen ita ce alherinsa, ganyen ya zama taki, rana kuma ta sami hanyar isa ga shukar da ke ƙarƙashinsa, ga shi saiwarsa na ƙara wa ƙasa ƙarfi kamar yadda ta wake da gyaɗa ke yi. Shi ya sa geron gindin gawo ya fi na sauran gona tsawo da cika. In rani ya shigo kuma, saiwarsa da ta nutsa can ƙasa ta kamo ruwa, sai ya yi ganye ya ba mutum inuwa, ya zubo wa awaki da tumaki 'ya'ya a lokacin da babu ko tsinken ciyawa. Ana ba da labarin cewa Sarkin Damagaram Tanimu ya kafa doka mai tsanani a kan duk wanda ya sare gawo. A zamaninmu ma, tun daga shekarun 1980 manoman Maraɗi da Damagaram suka koma barin kututturan itatuwa su sake tofowa a gonakinsu, gawo na gaba-gaba, har masana suka ƙiyasta an farfaɗo da ƙasar da ta kai hekta miliyan 5.

Muna isa inuwar na ga wani abu rataye a jikin itacen wanda ya sa gabana ya faɗi. Filas ɗin shayi ne shuɗi, mai tsagaggen murfi da na ɗaure da zare da hannuna. Wata 3 ina neman filas ɗin nan a gidana, har na daki babban ɗana a kan shi ya ɓatar. Kusa da shi ga riga a ninke, rigar da ni na wanke ta na goge ranar Laraba.

Na waiwaya. Can cikin dawa ga mutum a duƙe da tsohuwar singileti da malfa, yana tsinkar wake yana zubawa a buhu, yayana na gefensa. Ya ɗago, muka haɗa ido.

'Yan'uwa, ban san lokacin da na durƙusa ba. Na ce, "Sannu da aiki, Malam." Ya ce, "Yauwa, sannu. Ya mai jikin, auta ya daina tarin?" Ko maganar tafiyata bai ɗauko ba. Na dubi hannuwansa, duk sun yi kanta sun farfashe, hannuwan da na sani da riƙon biro.

Ashe gonar mahaifinsa ce, Allah ya ji ƙansa, wadda ta shekara 6 ba a noma ba. Da ya ga inda tsada ta dosa, ya san albashi ba zai kai mu ba, sai ya sayar da babur ya sayi iri da taki ya biya 'yan ƙwadago, yayana na duba masa a ranakun aiki, shi kuma ya zo Asabar da Lahadi. Gero ya riga ya shiga rufewar Inna, dami 60, ga wake ana tsinka, ga dawa ta sunkuyar da kai. Na ce, "To Malam me ya sa ba ka faɗa mini ba?" Ya yi shiru, sannan ya ce, "Kin tuna abin da kika ce mini muna zance a ƙofar gidan Inna? Kin ce kin gode Allah da zai raba ki da tuwon manomi. Na ji kunya ne, kuma na ji tsoron kada damina ta ƙi in yi biyu babu. Na so sai na sauke buhuna a tsakar gida ki gani." Maganar ƙuruciya, wadda ni har na manta na yi ta, ashe shekara 9 tana cikinsa.

Inna ba ta ƙyale shi ba shi ma. Ta nuna shi da sanda ta ce, "Kai kuma angona, kana da naka laihi. Hatsi aka ɓoyewa cikin ruhewa, ba magana ba. Ka bar ɗiyar mutane cikin duhu wata 4, in da ta tahi wani wuri ba nan ba hwa? Wadda za ta tuƙa tuwon, ita ta ta hwarko da ya kamata ta san da gonar." Ya sunkuyar da kai ya ce, "Gaskiya ne Inna, a yi mini afuwa." Na ce ni ce da neman afuwa. Yayana dai ya juya baya yana ta dariya. Kafin mu bar wurin na karyo ɗan reshen gawon, ƙayarsa ta soke ni, ban damu ba.

ABIN DA YA BIYO BAYA

Kwana 5 na ƙara a ƙauye, ba zaman yaji ba, zaman aiki. Maigida ya fitar da zakkar geronsa dami 6, domin abin da ruwan sama ya shayar ɗaya bisa goma ake fitarwa in ya kai nisabi, wato ausuƙi 5, na ban ruwa kuwa rabin haka. Ni da Inna muka shanya kuɓewa da kuka da lalo da sure, muka tara 'ya'yan suren don daddawar batso, wadda duk Basakkwace ya san daɗinta a miya.

Wake kuwa, bari in ja hankalinku a kansa. Kada ku yarda a barbaɗa masa maganin ƙwari don ajiya, abin da za ku ci ne ku da 'ya'yanku. Irin wannan ɗabi'a ce ta sa a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya ƙasashenta. Mu buhun nan mai riɓi uku muka saya, wanda ake kira PICS, da masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro aka fara yaɗa shi a ƙasashenmu tun 2007. Leda biyu ce a ciki da buhu a waje, a tabbatar wake ya bushe ƙayau, a matse iska, a ɗaure kowane riɓi daban, ƙwarin da ke ciki sai su mutu don rashin iska ba tare da ɗigon magani ba. Jarka mai murfi mai kyau ma tana yi, in an cika ta taf an toshe.

Kowa ya san yadda hatsi ya yi tsada a 2024. A wannan shekarar gidanmu bai sayi gero ba sai da sabo ya kusa fitowa, har muka taimaka wa na kusa. Nama dai bai dawo da wuri ba, babur ma sai daga baya, amma hira ta dawo, kuma ita ce ta fi. Maƙwabciyata ban yi faɗa da ita ba, ran da aka sauke buhuna ma na aika mata da kwano biyu, sai dai tsakaninmu yanzu ina kwana ina gajiya.

Kada wata ta fahimce ni a karkace. Ban ce wadda ake duka ko ake bari da yunwa da gangan ta zauna ta mutu a ɗaki ba, wannan akwai iyaye, akwai malamai, akwai alƙali. Ban kuma ce maigidana ba zai taɓa ƙara aure ba, wannan sanin gaibu ne, sai Allah. Abin da nake cewa shi ne, 'yar'uwa, kafin ki ɗaura mayafi ki nufi tasha, ki tabbata abin da kika ji kin gan shi da idonki, ki kuma duba wace ce ke kawo miki labarin, me ta taɓa ƙarar ki da shi. Ku kuma maza, don Allah ku rinƙa buɗe baki. Mace ba ta karanta zuciya, in kun bar ta cikin duhu wani ne zai kunna mata fitilarsa, kuma ba ku san irin man da ya zuba ba.

Duk lokacin da raina ya ɓaci a gidan nan, kafin in ce uffan sai in buɗe akwati in kwance ɗan ƙullina in duba. Furen ƙudujin ya koɗe ya zama toka-toka, ƙarangiyar kuwa har gobe in na taɓa ta sai ta soke ni.

Wadda duk take da dangi a ƙauye, in kaka ta yi ta daure ta kai yara su ga yadda ake ɗaure dami, su ci tumu, su kama fara, su zauna gaban tsofaffi tun suna raye. Allah ya ƙara wa Inna lafiya da nisan kwana, ya zaunar da mu lafiya a ɗakunanmu, ya ba 'yan baya mazaje nagari, ya ba mu damina mai albarka da kaka mai auki, ya kuma dawo mana da zaman lafiya a dazuzzukanmu, amin summa amin.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Taku har kullum, 'yar mutan Tambuwal.